Kurɓin Baƙo a Gidan Inna Babba

Shekarar da aka yanke Kebbi daga jikin Sakkwato ina ƙaramin akawu a wani ofishin gwamnati a Yelwa. Aikina buga takarda da tafireta, da neman fayil ɗin da wani ya ɓatar, da amsa laifin ɓatar da shi. Sabuwar jiha tana neman ma'aikata a Birnin Kebbi, ana ta kwasar mutane daga kowane lungu. Abokan aikina har addu'a suke sa malamai su yi musu don sunansu ya fita. Ni kuwa tawa addu'ar ita ce a manta da ni.

Dalilina Inna ce, mahaifiyata. Ciwon yanar ido ya rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya kama hanya. Mahaifina ya daɗe da rasuwa, ƙanwata tana aure can nesa, gidan daga ni sai ita. Ni ke jera mata buta da tabarma inda hannunta zai kai, ni ke gaya mata ko tuwon ya yi ko da saura. Idan aka ɗauke ni, ban san wanda zan bar wa ita ba.

Ana cikin haka sai ga babban jami'in da jerin sunayen ke hannunsa ya iso ranar wata Juma'a, wai ya zo duba aiki. Duba aikin bai ci rabin awa ba. Ya buɗe fayil biyu, ya hura ƙurar da ke kan na uku, ya ce aiki yana kyau. Daga nan ya kwance maɓallin wuyan rigarsa, ya ce sai Lahadi zai koma, kuma ya ji labarin Yauri gari ne na ruwa, to ina ake jiƙa maƙogwaro?

Shugaban ofishinmu, dattijo mai carbi, ya dubi silin kamar an yi tambayar da wani yare. Sauran ma kowa ya sami abin dubawa. Ni da ban taɓa kai giya bakina ba, sai na ji muryata tana cewa, “Ranka shi daɗe, ni na san gari.” Lissafina mai sauƙi ne. In na faranta masa kwana biyu, ranar Lahadi in roƙe shi ya tsallake sunana.

Ban yi ƙarya ba da na ce na san gari. A Yelwa ta wancan zamani babu mai shan giya, ka tambayi kowa zai rantse maka. Motar kwalabe ce dai take shigowa a cike duk mako, ta fita da fanko, kuma ba a taɓa jin ta yi asara ba. Ƙaramin gari ba sai ka shiga wuri za ka san shi ba, ya ishe ka ka san inda babura ke ɓuya. Duk bangon da ka ga babur huɗu sun jingina a bayansa alhali ga inuwa a gabansa, to ka gane.

Bayan la'asar na fara kai shi otal ɗin da manyan ma'aikata ke zuwa. Wurin yana da kujerun roba, da fanka, da firji babba fari da aka ajiye inda duk mai shigowa zai gani. Firjin da fankar duka hutawa suke, don kwana uku ke nan babu wuta. Yallaɓai ya taɓa kwalbar da aka kawo masa ya ce, “Ashe dahuwa kuka yi mata?” Ya nuna yamma da baki, inda tafkin madatsar ruwa yake, ya ce ruwan da ke ba ƙasar nan duka wuta ga shi a ƙofar gidanmu, amma mun kasa sanyaya kwalba ɗaya. Na ce ai haka abin yake, mai dafa abinci shi ke kwana da yunwa. Bai yi dariya ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a otal ɗin shi ne ladabin mutanen ciki. Na ga malamin da ya koyar da ni lissafi, na ga wani ɗan kasuwa da muke sahu ɗaya a masallaci. Babu wanda ya ga wani. Kowa ya juya kujerarsa yana kallon bango, kwalba a ƙarƙashin tebur, kofi a bayan hula. Washegari da asuba muka gaisa da ɗan kasuwar a ƙofar masallaci, ya tambaye ni ya kwana biyu, na ce masa lafiya lau.

Ranar Asabar da hantsi na kai shi rumfar wata 'yar kudu a bayan tasha. Giyarta a cikin buhun da aka jiƙa take kwana, farfesun tarwaɗarta kuwa sai ka ci kana share hawaye. Yallaɓai ya ci kwano biyu, ya yaba, sannan ya ce irin wannan ko a Kaduna akwai. Muka hau kabu-kabu zuwa bakin ruwa, wurin wani tsohon masunci da ya yi dabarar da ta fi ta mai otal. Kwando yake cikawa da kwalabe ya ɗaure da igiya ya saki cikin tafki, in an yi baƙo ya jawo kamar mai jan koma. A nan Yallaɓai ya sami sanyin da yake nema, ya sha yana kallon kwale-kwale, ni ina gefe da lemona. Na ce a raina aiki ya yi kyau, saura roƙo.

Sai ya ajiye kwalbar ya ce, “Samari, dut wanga abin kwalba na. Kwalba ko ina ɗaya ta. Ni burkutun Gungawa anka ba ni labari tun ina Sakkwato. In kai ɗan gari na da gaske, can za ka kai ni gobe.” Sannan ya ƙara da cewa yana son ma'aikaci mai sanin hanya, kuma yana tuna irinsu in ya zauna kan tebur.

Wannan hanya kam na san ta fiye da hanyar ofis, kuma ita ce hanyar da ban so kowa ya san na sani ba.

Inna Bagungiya ce. A tsibiri aka haife ta, cikin kogi, a garin da yanzu ke ƙarƙashin tafki tun da aka datse ruwa. Ta musulunta ta auri mahaifina ta shigo gari, danginta kuwa gwamnati ta kwashe su ta zuba a sababbin gidajen siminti a gaɓar ruwa ta wajen Ngaski. A can yayarta take, wadda muke kira Inna Babba. Ba ta taɓa haihuwa ba, ni ne ɗanta. Kuma duk gaɓar nan, daga Shanga har Wara, in ana maganar burkutu sunanta ake fara kira.

Ina yaro duk hutu a gidanta nake yi. Na san yadda ake jiƙa dawa a shanya ta ta yi tsiro, na san ƙamshin manyan tukwane a kan wuta. Ta san ɗan ƙanwarta Musulmi ne, don haka kullum kafin abin ya kwana ya yi ƙarfi sai ta ɗebar mini nawa daban, mai zaƙi, kunu ne kawai. Ba ta taɓa kuskure ba ko sau ɗaya.

A gidan nan na koyi wata al'ada. In baƙo ya zo, mai gida ba ta miƙa masa ƙoƙo sai ta fara kurɓa a gabansa, don ya ga babu cuta a ciki. Ko ruwa ne, ko kunu, ko burkutu. Wata rana na tambaye ta me ya sa ni ba ta kurɓa mini. Ta kama kunnena ta murɗa, ta ce baƙo ake kurɓa wa, don shi ne zai iya zargi. Wanda ya fito daga cikin gida, in ka kurɓa masa ka zage shi, ka ce masa ba naka ba ne.

Da na girma na yi boko na sami tebur a ofis, sai zuwa gaɓa ya ragu. A ofis ana yi wa Gungawa ba'a, ana ce musu 'yan tsibiri masu bautar ruwa, ni ma ina taya dariya. Babu wanda ya tambaye ni asalin uwata, ni kuma ban ga dalilin ɗora wa mutane labarin da ba su nema ba. Haka na riƙa gaya wa kaina.

Na san akwai wasu matan da ke dafa burkutu kusa da gari. Amma Yallaɓai mai harshe ne, na ga yadda ya yi da mai otal. In na kai shi inda za a ba shi mai tsami, duk wahalar kwana biyu ta tashi a banza. Na ce bari in kai shi inda ya fi ko'ina, in ya so in san yadda zan yi da sauran. Wannan “in san yadda zan yi” ita ce dabarar da na fi kowace daɗewa ina biyan kuɗinta.

Lahadi da safe muka shiga kwale-kwale mai inji, mu da buhunan albasa da wata akuya. Yallaɓai ya ɗaure rigarsa a gwiwa yana ta raha. Ya ce shi yana son arnan nan, mutanen kirki ne, ba su da munafunci, sai dai ba ka iya haɗa zuri'a da su. Ya juyo ya ce, “Ko ba hakanan ba, samari?” Na ce, “Hakanan na, ranka shi daɗe.” Mai tuƙin jirgin, wanda ya san ni tun ina yawo ba wando, ya dube ni sau ɗaya ya mayar da idonsa kan ruwa.

Rana ba ta kai tsaka ba muka isa. Gidan yana nan yadda na san shi. Tukwane uku a ƙarƙashin mangwaro, kututturan zama, ƙoƙuna a kife kan ƙaramar rumfa, mutane kamar goma sha, waɗansu sun taso daga coci, waɗansu daga gonar albasa. A nan babu mai juya wa wani baya. Kowa ƙoƙonsa a hannu, a fili, ana gardamar farashin kifi.

Tana tsugune tana juya tukunya ta ɗago ta gan ni. Shekara biyu rabona da ita. Ta saki ludayin, ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, ta buɗe hannu biyu, bakinta ya fara haɗa sunan da take kirana da Gunganci. Ni kuwa na riga ta. Na tsaya nesa, na gyara murya irin ta ofis na ce, “Sannu baiwar Allah. Nan aka sai da burkutu? Ga babban baƙo na kawo daga Birni.”

Hannuwanta suka tsaya a sama. Gardamar kifi ta mutu. Wani tsoho da ya taɓa koya mini ninƙaya ya sauke ƙoƙonsa a hankali kamar zai fashe. Ta dube ni, ta dubi Yallaɓai da agogonsa da takalminsa, ta sake dubana. Inna Babba ba ta yi boko ba, amma ban taɓa ganin wanda ya karanta takarda da sauri kamar yadda ta karanta ni ba. Ta sauke hannun ta goge a zane.

“Nan na, malam,” in ji ta. “Ku zamna. Maraba da baƙi.”

Ta sa aka ba mu kututture mafi kyau. Ta ɗauko ƙoƙo ta ɗauraye, ta tsoma cikin tukunyar tsakiya, ta kurɓa a gaban Yallaɓai, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya sha, ya lumshe ido. Da ya buɗe su sai ya ce ya sha a Jos, ya sha a Zuru, amma yau ya san ashe wasa ake yi masa. Ya ce a ba yaronsa ma.

Na yi ƙaryar ni ɗan hannu ne, yanzu kuma babu lemo a nan da zan fake da shi. Ta ɗauki wani ƙoƙon, ta wuce tukwanen uku, ta shiga ɗaki. Da ta fito na ji ƙamshin tun kafin ta iso, kunun nan ne mai zaƙi wanda bai kwana ba. Ko a ranar ba ta yarda ta ba ni abin da addinina ya hana ni ba. Ta tsaya a gabana, ta ɗaga ƙoƙon, tana kallon cikin idona ta kurɓa. Sannan ta miƙo.

Na karɓa. Ban taɓa shan abu mai zaƙi da ya yi mini ɗaci haka ba. Yallaɓai ya buga kafaɗata ya ce ashe yaron gwani ne, dubi yadda yake sha ko yamutsa fuska ba ya yi.

Ya sha ƙoƙo huɗu, aka gasa masa karfasa, ya koyi gaisuwar Gunganci ya ɓata ta, mutane suka yi masa dariyar da ake yi wa baƙo. Ni babu wanda ya yi wa magana, babu kuma wanda ya tona ni. Da za mu tashi ya ba ni kuɗi in biya. A gidan da ban taɓa biyan ko ƙwayar gyaɗa ba na miƙa mata, ta karɓa, ta ce, “Mun gode, malam. Allah shi kai ku lahiya.”

A jirgi muna komowa na yi roƙona. Na gaya masa halin Inna, da idonta, da cewa ba ta da kowa sai ni. Ya gyaɗa kai yana hamma, ya ce kada in damu, shi ba ya manta alheri. Na koma gida ina gaya wa kaina cewa abin da na yi don Inna na yi shi, kuma in ƙura ta lafa zan je gaɓa da turmin atamfa in ba da haƙuri. Ban je ba. Kullum sai in ce mako mai zuwa.

Bayan mako uku jerin ya fito. Sunana ne na biyu. A gefensa da jan biro Yallaɓai ya rubuta cewa a kawo wannan ofishinsa kai tsaye, yaro ne mai sanin hanya, bai kamata a bar shi yana ruɓewa a ƙauye ba. Bai manta alheri ba kam, roƙon ne kawai ya bari a cikin jirgi. Abokan aiki suka yi ta taya ni murna, shugabanmu mai carbi ya ce dama ya san zan yi nisa. Garin neman gira na rasa ido, ga shi kuma ana yi mini barka.

Na rubuta takardar koke, aka ce ana dubawa. Na nemi ɗaki a Birni da zan iya kai Inna, na tarar ma'aikata huɗu huɗu suke kwana a ɗaki ɗaya, sabuwar hedikwata ta cika ta batse. Inna kuma ta ce ko da an sami fada ba za ta bar ɗakin da ta san adadin takunsa ba. Da na rasa yadda zan yi na zauna na gaya mata tafiyata Birni ta tabbata, babu makawa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “To mi a abin damuwa? Ba ga Yaya ba? Aika mata.”

Ban iya aikawa ba. Inna ce ta aika da bakin mai jirgi.

Ana jibi zan tafi na dawo daga ofis na tarar da ita a tsakar gidanmu, da ƙullin kayanta ɗaya da tabarma. Ta bar tukwanenta uku, ta bar mangwaron da mutanenta, ta bar sana'ar da ta ci da ita shekara da shekaru, don ta san a cikin garin Yelwa, a gidan marigayi mai sallah, ba a dafa burkutu. Na durƙusa na gaishe ta da sunan da na saba, Inna Babba. Ta amsa lafiya lau, ta tambaye ni aiki, ta tambaye ni gajiya. Babu fushi a fuskarta ko kaɗan, wannan ne ma ya fi tsorata ni. Na yi ta neman lokacin da za mu keɓe in yi magana, ita kuwa kullum tana gefen ƙanwarta, tana tsefe mata kai, suna hirar tsibirinsu da Gunganci suna dariya. Na gane ba ta gaya wa Inna komai ba.

Ranar tafiya da safe na ɗaure akwatina, kabu-kabu yana jira a ƙofa. Inna tana zaune kan tabarma tana yi mini addu'a, tana lissafa abin da zan kiyaye a Birni, har da mutanen banza masu kai mutum wuraren banza. Na ce to. Inna Babba ta fito daga madafa da ƙoƙo a hannu. Kunun dawa ta dama mini, don kada in hau mota da ciki wayam.

Ta tsaya a gabana. Na miƙa hannu biyu. Ta ɗaga ƙoƙon zuwa bakinta, ta kurɓa, sannan ta ba ni.

Gidan shiru ne, kuma tun da idon Inna ya tafi kunnenta ba ya barin komai ya wuce. Ta katse addu'ar, ta juyo da fuskarta wajen da muke.

“Yaya,” in ji ta, “baƙo munka yi?”

Inna Babba ta dube ni, ni ta bar wa amsar. Na tsaya da ƙoƙon a hannu, mai kabu-kabu yana ta danna oda a waje.